Hoton da ke Bayan Sikeli

Sunansa Subramani. Mu 'yan Kasuwar Dole
muka gutsure sunan, muka bar masa Mani.
Shekara tara ina auna masa ƙaro,
buhu na hawa, buhu na sauka,
bayan sikelin kuwa, a kan ƙusa mai tsatsa,
hoton wani gini da ƙudaje suka yi wa ɗige-ɗige.

Ran da wuta ta ɗauke, zafin bazara ya kori ciniki,
na ce, Mani, wannan dutse ne ko soro?
Ya ce, duka biyun. Ɗakin bautar garinmu ne.
Ya jawo benci, ya saki Hausarsa mai ɗingishi.

Wai saniya ce, baƙa, ta wani makiyayi,
kullum ta dawo kiwo hantsarta fayau.
Ya zargi maƙwabci, ya zargi ɗan cikinsa,
har wata asuba ya bi sawunta
ya iske ta tsaye a kan suri,
nono na zuba, ba mai tatsa.
Aka tona, sai ga dutse baƙi, sumul.
Sarki ya aiko giwaye su ja shi zuwa fada,
igiya bakwai ta tsinke, dutse ko gezau.
Sarki ya ce, wanda ya ƙi zuwa, a je masa.

Wannan, in ji Mani, na bakin kakata ne.
Na jikin bango daban.
Bango bai san saniya ba.
Ya san tulun mai nawa wata gwauruwa ta bayar
don kada fitila ta mutu,
ya san gonar da aka yankar wa makaɗa,
da shekarar da mahara suka fasa ƙofar gabas,
da sunan wanda ya biya kuɗin gyara.
Waɗanda suka ɗauki dutsen a ka, bai ambace su ba.

Ginshiƙi ɗari, ɗaya ba sassaƙa.
Wasu sun ce ajali ya riga magini,
wasu sun ce da gangan ya ajiye kurfi:
cikawa ba ta ɗan Adam ba ce.
Ga tafki mai matakala, ƙararrawa ta nutse ciki,
tsofaffi na jin amonta in fari zai zo.

Da ya ce tafkin bai taɓa ƙafewa ba
na yi dariya, dariyar Badamagare
wanda ya kwana a layin famfo da jarka biyu.
Na ce, ara mana shi na wata uku.

Da dare na ratsa ta Birni,
tsakanin duwatsun da suka gurfana kamar raƙuma.
Na tuna Yakura, kakata, tana fizgar hannuna:
kul ka nuna wancan da yatsa.
Ta ce a da ana zuba masa fura kafin shuka.
Ban tambaye ta wa ke sha ba,
ita ma ta ja carbi, ta sauya zance.
Namu ba wanda ya rubuta.
Yau awaki ke kwana a kansa,
wani mai gyaran rediyo ya shafa lambarsa da fenti.

Ni alƙiblata ɗaya ce, Mani ya sani.
In na shimfiɗa buzu yakan daina lissafi da ƙarfi,
in ya kunna fitilarsa nakan kare masa iska da buhu.
Iyakarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Bara ya koma gida, gwiwa ta gaji.
Ya bar ƙusar, da gurbin hoto fari a bango.

Jiya muka bi ta Birni da Falmata, autata,
ta miƙa yatsa, na kama hannun ban shirya ba.
Ta ce, Baba, me dutsen ya yi?
Na laluba, rabin labari kawai na samu,
har na kusa ara masa saniya.